Ni Ba Gudu Zan Yi Da Ita Ba



Tun shekarar 2022 nake hawan wata mota ƙirar Volkswagen Passat ta 2008, mai injin lita 2 da turbo, wadda na saya ta hannu a wurin wani ma'aikaci da ya yi ritaya a Bodija. Tun daga ranar kuwa nake shan wa'azi a kanta. Na sha a teburin mai shayi, na sha a ƙofar masallaci bayan la'asar, har a wurin ɗaurin aure wani dattijo ya ja ni gefe ya ce, "Ɗan nan, wa ya ba ka shawarar sayen wannan wahala? Ina Camry?" Saboda girman furfura ban taɓa mayar wa kowa magana ba. Amma abin ya isa, kuma tunda bakina yana jin nauyinsu, bari hannuna ya faɗa.

Abin da aka fi jifa na da shi shi ne wai turbo ba ya ƙarko a ƙasar nan. Rabin masu faɗin haka ba su taɓa ɗaga murfin inji sun gan shi ba, don haka bari in yi bayani. Wani ƙarfe ne mai siffar katantanwa da ke maƙale a jikin inji. Hayaƙin da inji ke fitarwa, maimakon ya wuce salansa kai tsaye, sai ya bi ta cikinsa ya juya wata 'yar farfela. Ita kuma sanda ɗaya ce ta haɗa ta da wata farfelar, wadda ke danna iska cikin inji da ƙarfi. Idan iska ta yi yawa, fetur mai yawa zai iya ƙonewa, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba. Shi ya sa injina mai silinda 4 yake ba da ƙarfin doki 200. Sandar nan tana juyawa fiye da sau dubu 100 a minti guda, a cikin zafin hayaƙi, kuma babu abin da ke tsakaninta da ƙonewa sai baƙin mai. To jama'a, mu me muke yi da baƙin mai?

Ni dai ga abin da ya same ni. Wata biyu da sayen motar na kai ta wurin wani bakanike da duk unguwa ke kai wa aiki, na bar masa makulli na koma kasuwa. Ya ɗura mata 20W-50 mai arha, irin wanda ake zuba wa tsohuwar 504 da motocin haya, ya ce zafin ƙasarmu sai mai kauri. Ya cire mata tamosta ya jefar wai na ƙasar sanyi ne, ya cika lagireto da ruwan rijiya. Ya karɓi kuɗinsa na yi masa godiya. Ni ma da nawa laifin, ba zan ɓoye ba. Sai in taso daga Legas, kilomita ɗari da ashirin da wani abu ina taka mata, ina isa ƙofar gida in murɗe makulli in shige. Man da ya tsaya a cikin turbo mai zafi dahuwa yake yi ya zama gawayi, ya toshe 'yar siririyar hanyar da yake bi. Ba a yi wata shida ba mota ta fara fito kamar butar shayi, tana fitar da shuɗin hayaƙi, ranar nan a hawan Mokola ta kasa wuce Micra ɗin haya mai ɗauke da mutum shida. Ranar majalisa ta sami abin yi. "Ai mun faɗa maka!"

Abin da suka faɗa daban, abin da ya faru daban. Mu ne muka kashe turbo ɗin, ni da bakaniken, motar ba ta yi mana komai ba. Sai da na je Ladipo a Mushin na sayo wani na Beljiyam, ya cinye mini abin da na tara na wata huɗu a wurin canji. Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun farko: na nemi littafin motar a waya na karanta, da ɗan Turancin sakandaren da nake da shi. Na sami wani Bayarabe da ba ya taɓa komai sai motocin Jamus, yana da na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta. Ya mayar da tamosta, ya wanke lagireto ya zuba ruwan da aka yi dominsa, muka koma 5W-40 na ainihi, kusan lita 5, ina juye shi duk kilomita dubu 5 saboda ƙura da cunkoso. Da safe ba na taka ta da ƙarfi sai ta ɗumama. Idan na yi doguwar tafiya, ina barin ta tana aiki minti ɗaya ko biyu kafin in kashe. Fetur gidan mai ɗaya nake sha, ban yarda da na jarka ba ko da layi ya kai Dugbe. Tun daga lokacin har yau turbo ɗin bai sake yi mini tari ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce tana da arha ba. Mota ce mai shekaru, wata ran fulogi, wata ran roba ta tsufa ta fashe, kuma kayanta ba a kowane lungu na Agodi Gate ake samu ba kamar na Toyota. Cikinta a ƙasa yake, sau ɗaya na bi da ita ta Jebba da Mokwa zuwa gida na rantse ba zan ƙara ba. Tankinta lita 70 ne. Ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu ya ce tallafi ya tafi, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, a ƙarshen 2024 kuma ta wuce dubu. Akwai watan da na ajiye ta na koma hawan okada. Duk wannan na yarda. Da a nan maganar dattawanmu ta tsaya, da na yi shiru na ce sun fi ni sanin kuɗi.

Amma ba a nan ta tsaya ba. Idan ka bi maganarsu a hankali, bayan an gama zancen inji da kaya, sai a rage murya a ce: "Ba ta sayuwa. Camry kuɗi ce a aljihu, yau ka nemi mai saye, yau za ka samu. Kai ka manta inda kake? Idan wani abu ya taso fa?"

Wannan ita ce maganar da ta hana ni barci, kuma ita nake ja da ita.

Na san daga ina ta fito. Mahaifina albasa da tattasai yake sayarwa, kuma a kasuwar Shasha yake a watan Fabrairun 2021, lokacin da 'yar cacar baki a cikin kasuwa ta zama wuta. An rasa rayuka, an ƙone rumfuna da gidaje na Hausawa da na Yarbawa, Gwamna Seyi Makinde ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita. Baba ya dawo gida da rigar jikinsa kawai. Kafin wannan ya ga na Shagamu a 1999, ya ji na Idi-Araba a 2002. Mutumin da ya ga irin wannan idan ya ce ka zauna da shiri, ba ka da bakin ce masa matsoraci, kuma ni ban ce ba.

Tambayata ɗaya ce, Baba, da dukkan iyayena na majalisa: ranar Shasha wa ya tsaya cinikin mota? Wane dillali ne ya fito da kuɗi yana neman Camry? Wuta ta tsaya ta duba tambarin gaban mota kafin ta ci? Wanda ya tsira ranar nan, ko dai ƙafarsa ce ta fisshe shi, ko kuma wani maƙwabci ne ya buɗe masa ƙofa ya ɓoye shi, kuma da yawa cikin masu buɗe ƙofar Yarbawa ne da aka yi shekaru ana gaisawa. Dabarar sayen abin da ke saurin sayuwa ba ta ceci kowa ba a ranar da aka tanade ta dominta. Abin da ta yi mana shi ne ta cinye sauran ranakun.

Ku duba mu da kyau. An kafa Sabo ta Ibadan tun 1916. Kakana goro ne ya kawo shi, a nan ya mutu, a nan aka binne shi. A nan aka haifi Baba, a nan aka haife ni, Yarbancina ya fi na wasu 'ya'yan Bodija da ke makarantar kuɗi. Amma har yau haya muke biya a ɗaki biyu da rufinsa ke yoyo, alhali Baba ya gina gida mai ɗaki takwas a Kano wanda ba mai kwana a cikinsa sai ƙadangaru, sai mu idan mun je sallah shekara biyu sau ɗaya. Ba a sayen fili a nan, don fili ba ya shiga buhu. Ba a gyara kwatar unguwa, ba a zuba kuɗi a makarantar yara, wasu ko katin zaɓe ba sa mayarwa nan, don kowa gani yake gobe zai tafi. Goben nan ta fi shekara ɗari tana zuwa. Sai kuma mu zauna muna ƙorafi wai ba a ɗauke mu 'yan gari ba, kansila ba ya zuwa sai lokacin ƙuri'a. Yaya za a yi a ɗauke ka ɗan gari, kai da ko motarka ka saye ta ne da niyyar rabuwa da ita?

Kada wani ya ce na ce sayen Passat jihadi ne. Mota ce kawai, ƙarfe da roba. Wanda ya sayi Camry don yana son ta, ko don aljihunsa ita ya iya riƙewa, Allah ya sa alheri, mota ce mai haƙuri kuma ni ma ina girmama ta. Da wanda ya saye ta saboda tsoro nake, yake kuma son ya gadar mini da tsoron. Haka nan ba na tare da samarinmu da ke sayen mai turbo don a ji ƙararta a ƙofar gidan biki, ko su hau titin Legas suna tsere alhali doka ta tsaya a kilomita 100 a awa. Su ne suke ba dattawa hujja a kanmu, kuma su ne za ka ga motarsu a kan duwatsu bayan wata uku.

Abin da motar nan ta koya mini ba gudu ba ne. Ba ta yarda da mutumin da yau yana nan gobe yana can ba. Sai ka riƙe bakanike ɗaya har ya san kukanta, ka riƙe gidan mai ɗaya, ka rubuta ranar da ka juye mai a ɗan littafi, ka ware mata kuɗi tun kafin ta nema. Bakaniken nan nawa yanzu na je sunan 'yarsa, shi ma da azumi matarsa takan aiko wa Inna da moimoi. A wurinsa na fara jin labarin filaye a wajen Moniya, kusa da tashar jirgin ƙasa, kuma tun bara nake biyan kuɗin rabin fuloti kaɗan-kaɗan. Da na faɗa wa Baba, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Allah ya sa kada ka yi da-na-sani." Na ce amin, don addu'a ce, kuma ni ma ban san gaibu ba.

Har yanzu bai yarda da motar ba. Makon jiya ma ya turo mini wani dillali ba tare da sanina ba. Mutumin ya zagaya ta sau biyu, ya buga taya da ƙafa, ya ce ai mai turbo ce, sai dai ya taimaka mini ya karɓa, ya faɗi wani kuɗi da ko Micra mai lafiya ba zai saya ba. Na ba shi kuɗin okada na ce ya gaida gida. Ranar Asabar zan kai ta a canza mata bel ɗin inji da famfon ruwa, don lokacinsu ya yi, kuma Baba ne da kansa ya ce in sauke shi a Ojoo a kan hanya.