Injin akori-kura ba kayan gwangwan ba ne

Akori-kura ƙirar Peugeot 504, wadda aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, ita ce jakin ƙarfen ƙauyukan Dambatta, Makoɗa da Kunci. Ita ke ratsa yashi da burji ta kai taki gona, ta kwaso gero da gyaɗa zuwa kasuwar Dambatta ranar Lahadi. Abin takaici, da zarar injinta ya fara shan baƙin mai yana tuttuɗo hayaƙi, sai a jingine ta gindin darbejiya har 'yan gwangwan su zo su auna ta a sikeli.

Alhali injin nan mai silinda 4 yana farfaɗowa a tsakar gida. Idan an sauke shi, ana kwance kansa, a zare fistin, a jera kowane noti inda ba zai ɓace ba. Silif ɗinsa ma zarewa yake yi a sa sabo. Karanshaf kaɗai ke bukatar tafiya Kano wurin masu injin gogewa, daga nan a biya Ƙofar Ruwa a sayo ringi da gaskit, da mital daidai da sabon awo. Wurin ɗaurewa kuwa, notunan kai daga tsakiya ake fara su, ana bi a hankali zuwa gefe.

Ƙura da gaggawa ne ke kashe wannan aiki. Mutum ya baje kayan inji a ƙasa ana tsakiyar hunturu, ya goge mital da tsumman da ya sha yashi, ya sayi ringin jabu don rangwamen da bai taka kara ya karya ba, sannan inji ya buga kafin shuka ya ce motar ce ta tsufa. Wannan ganganci ne, kuma a kan iyalinsa asarar ke faɗawa. Gaskiya ne kaya sun yi tsada tun cire tallafin mai a 2023, amma kuɗin hayar mota duk kaka ya fi ciwo.

Matakin ƙarshe shi ne haƙuri. Injin da aka ɗaure ana cika masa lagireto, a bar shi ya yi aiki ba lodi, a juye baƙin man farko da wuri. Bayan haka ne ake ɗora masa buhunan taki.