Ƙwayar gadon MECP2 da laifin da ake ɗora wa uwa

A shekarar 1966 wani likitan yara a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, Andreas Rett, ya bayyana wata cuta da ya lura da ita a jikin yara mata. Yarinya takan taso lafiya lau har ta kai wata 6 zuwa 18, ta fara gwaranci, tana riƙe abin wasa. Daga nan sai al'amari ya juya: 'yan kalmomin da ta koya su ɓace, hannuwanta su daina kama komai, ta yi ta murza su kamar mai wanki, sau da yawa kuma farfaɗiya ta biyo baya. Cutar Rett ke nan, tana samun kusan yarinya 1 cikin 10,000.

Sai a 1999 Huda Zoghbi, haifaffiyar Labanan, da abokan aikinta a birnin Houston na Amurka suka gano tushenta: tawaya ce a ƙwayar gado guda mai suna MECP2. Duk tantanin da ke jikin mutum littafin gado iri ɗaya yake ɗauke da shi, amma na ƙwaƙwalwa da na hanta kowanne da shafin da yake karantawa. Jiki yakan ɗiga wa DNA alamomin sinadarin metil, tamkar wasali a kan baƙi: baƙin yana nan yadda yake, karatun ne ke sauyawa. Furotin ɗin da MECP2 ke samarwa shi ne ke bin waɗannan alamomi yana daidaita karatun a ƙwaƙwalwa. In ya sami naƙasu, karatu ya rikice.

Abin da ya sa na ga ya dace mu san wannan shi ne yadda muke fassara irin wannan lalura. In yarinya ta fara magana ta daina, sai a ce shafar aljanu ce, ko kambun baka, ko sakacin uwa lokacin goyon ciki. Alhali a mafi yawan lokuta tawayar sabuwa ce, babu ita a jinin iyaye, kuma galibi a cikin maniyyi take aukuwa ba da sanin kowa ba. Uwa ba ta da laifi, uba ma haka.

Akwai kuma abin ƙarfafa zuciya. A 2007 Adrian Bird da tawagarsa a Edinbara suka maido da aikin wannan ƙwaya a jikin ɓerayen da cutar ta riga ta kama, alamomin suka ja baya ƙwarai. Ɓera ba mutum ba ne, kuma har yau babu maganin warkewa, amma gwajin ya nuna tantanin ƙwaƙwalwar suna nan da rai.

Saboda haka, 'yan uwa, kuɗin da za a ƙarar wajen neman wanda ya yi jifa gara a kai shi ga likitan yara, da maganin farfaɗiya, da gashin ƙashi, da abinci mai gina jiki. Irin waɗannan yara da ido suke magana. A zauna kusa da su, a koyi abin da idon ke faɗa, uwar kuma a sauke mata zargi a kama mata reno.