Mu Daina Ɗora wa Kafireta Laifi

'Yan uwa masu Bitil da Kombi. Rubutunmu na wannan mako kan wata ɗabi'a ce da ta zame mana jiki: da zarar mota ta fara shaƙewa ko ta rasa ƙarfi a hawa, sai mu ɗauki sukudireba mu nufi kafireta. A ganinmu wannan gaggawar na cikin abin da ke cinye 'yan injunan da suka rage mana, cikin waɗanda aka fara harhaɗawa a Ojo ta Legas a 1975.

Ga abin da muka fi gani. Mutum yana da inji 1600 da kafireta Solex 34 PICT-3, sai a ce masa ya cire distiributar asali ya sa Bosch 009, wai ta fi gudu. Ta asalin tana da bakyum, kana taɓa totur take gaggauta wuta. Ita 009 sai inji ya ɗauki juyi tukuna. Shi ya sa motar ke yin kamar za ta mutu wajen tashi. Sai bakanike ya murɗa distiributar gaba har shaƙewar ta ɓace, kowa ya yi murna. Amma a kan titi wutar ta wuce digiri 32, zafi ya taru, wata rana fistin ya huje. Mai 009 ya saita taimin da fitila a juyi 3000, tsakanin digiri 28 da 30.

Kafin taimin ma, bawul. A auna da safe inji na sanyi, milimita 0.15. Bawul ɗin da ya matse ba ya ƙara, shi ya sa muke yaba shi, alhali ƙonewa yake yi, musamman na silinda ta 3 a injunan kafin 1971, inda na'urar sanyaya baƙin mai ke tare mata iska. Daga nan a gwada kwamfureshan, huɗun su zo kusa da juna. Sai robobin bututun shigar mai: in sun tsage suna zuƙar iska, mai ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne gwangwanayen da ke lulluɓe da inji. Sau nawa aka jefar da su a gareji, wai don inji ya sha iska a zafin bazara? Injin nan ba shi da lagireto, fanka ce ke tura iska, gwangwanayen ne ke bi da ita kan silinda. In babu su, iskar ta watse a banza. Haka masu cire matatar iska mai baƙin mai su sa 'yar ƙyalƙyali, ƙurar hunturu ta gama da ringi.

Ba mu ce kafireta ba ta laifi ba. Wanda ya faɗaɗa inji zuwa 1776 ko ya sa salansa mai buɗaɗɗen baki, dole ya ƙara girman jet. Amma sai bayan an gama da waɗancan, kuma abu ɗaya za a canza a lokaci guda, a yi tafiya, a kwance fulogi a duba. In ya fito fari fat, kada a kama hanyar Kaduna da motar nan.