Daga Bakin Rumfa: Tosta ba ta burodi kaɗai ba ce

 Wannan makon maganar ciki za mu yi, musamman ga masu zaman ɗaki ɗaya a Nima ta Akara ko Zangon Kwatano, inda mai gida ya hana gawayi da risho, uwargida kuma tana can gida. Da yawanmu mun sayi tosta, na'urar nan mai tsaga biyu da ke cillo burodi sama in ya gasu, muka ajiye ta tana shan ƙura. To, aikinta ya wuce burodi.

Abin da ta fi iyawa, a ganina, dankalin Hausa ne. Ka fere shi, ka yanka a tsaye fale-fale, kaurinsa kamar rabin ɗan yatsanka ƙarami, ka goge ruwan jikinsa. Kai maɓallin zafi ƙarshe ka danna. In ta cillo, sake dannawa. Sau biyu zuwa uku zai nuna, gefensa ya yi ja. Sai ka fito da shi ka shafa man gyaɗa, ka barbaɗa yajin ƙuli. Da kofin shayi, wallahi ya riƙe ka har azahar. Agada wadda ba ta nuna sosai ba ita ma haka, amma nunanniya luguf kan liƙe a waya ta ƙone. Ragowar dafaffiyar doya ta jiya tana dawowa sabuwa. Gurasa kuwa, in ka raba ta, kamar yanzu aka ciro ta daga tanderu.

Ni dai ma'aunina guda ne: abu ya zama busasshe, mai faɗi, marar mai. Don haka ban da tsire, ban da kilishi, ban da ƙosai. Wayoyin ciki ja suke yi jawur, mai na ɗiga kansu sai wuta. Na ga yara a TikTok suna kwantar da tosta a gefenta wai su narka cuku. Kada ku biye musu. An yi ta ne zafi ya fita ta sama, in ta kwanta teburin katako da ledar ɗaki ne za su sha shi. Wanda kuma ɗakinsa shi ne sitonsa, da dilar atamfa a bayan ƙofa, ya san abin da nake nufi.

In abu ya maƙale, zare fulogi tukuna. Wayoyin nan tsirara suke, da lantarki a jikinsu, wuƙa ko cokali na taɓa su zai ja ka. Haka takardar alminiyam, kada ta shiga. Akwai ɗan faranti a ƙasa da ke tara ɓurɓushi, a riƙa zazzage shi.

Masu sayen gwanjo, ku juya gindinta ku karanta. Ta Amurka 120V ce, wutarmu kuwa 220 zuwa 240, kana jona ta ta tashi aiki. Batun mita kuma kada ya tsorata ku: mai wat 900, in kowane gashi minti uku ne, sai ka danna kusan sau ashirin da biyu kafin ta ci yunit ɗaya.

Hajiyoyi, in Alhaji zai koma bakin kasuwa, a sa masa kwalbar yaji a jaka. Dankalin zai samu a can.