Kafin ka sayi dokin teku, ka fara duba wutar gidanka

Yau na ajiye siyasa a gefe.

Shekaranjiya da daddare wani abokina da ke Abuja ya turo min bidiyo a WhatsApp. Wasu 'yan kifaye ne guda biyu a akwatin gilashi, kai irin na doki, jela irin ta hawainiya, sun naɗe ta a jikin reshe suna lilo. Dokin teku ke nan. Ya ce ya ga mai sayarwa a Instagram, kuma mutumin ya rantse masa cewa na kiwo ne, ba daga teku aka kamo su ba. So yake ya ajiye su a falo kafin Sallah. Ni ya tambaya saboda ya san na kai shekara shida ina kiwon kifin ado a nan Kano.

Na ce masa kada ya saya. Ya ce baƙin ciki nake masa. To bari in baje dalilina a nan, don na san ba shi kaɗai bidiyoyin nan ke ruɗa ba.

Zan fara da inda mai sayarwar yake da gaskiya. In dai dole sai an saya, na kiwo ya fi. Ana kwashe dokin teku da miliyoyi duk shekara, galibi a ragar jiragen kamun jatan lande, a busar da su a kai Hong Kong da China don maganin gargajiya. A 2019 hukumomin Peru sun kama jirgi ɗaya ɗauke da busassu sama da miliyan 12. Tun 2004 yarjejeniyar CITES ta sa sai da takardar izini ake fitar da kowane irin dokin teku daga ƙasa zuwa ƙasa. Mu ma abin ya shafe mu, domin akwai nau'in da ke rayuwa a gaɓar tekunmu, daga Senegal har Angola, kuma a 2016 CITES ta nemi a dakatar da sayen sa daga Gini da Senegal. Don haka gonakin da ke ƙyanƙyasar su a tanki, irin su Ocean Rider da ke Hawaii, sun rage wa teku nauyi. Wannan ba na ja.

Amma faɗar "na kiwo ne" ba ta cin ko sisi. Wasu a keji ake girmar da su a cikin teku, sannan a liƙa musu sunan na kiwo. Gwajin mai sauƙi ne: ka ce ya nuna maka suna cin daskararren abinci, wato 'yan mitsi-mitsin jatan landen nan da ake kira mysis. Na tanki ya saba da shi tun yana ƙarami. Wanda aka kamo a teku yawanci sai mai rai yake ci, in bai samu ba sai ya yi ta ramewa a gabanka. Sannan ka tambayi takardar CITES. In ya fara kame-kame, ka san inda aka dosa.

To mu ɗauka ma gaskiya ya faɗa. Shi ke nan? Ina!

Dokin teku ba shi da haƙora, ba shi da tumbi. Abinci wucewa kawai yake yi, shi ya sa sai an ba shi aƙalla sau biyu kullum, kuma abincin dole ya zauna a firiza. Ruwansa na gishiri ne, kusan giram 35 a kowace lita, kuma gishirin musamman ne, ba na miya ba. Guda biyu suna bukatar akwati mai tsayi na kusan lita 110, wanda aka yi makonni ana shirya ruwansa kafin a saka su. Babbar matsalar kuwa zafi ce. Masu kiwon su suna riƙe ruwan a wajen digiri 22 zuwa 24, domin da ya ɗumama ƙwayoyin cuta suke hayayyafa su cinye musu fata da jela. Yanzu ka tuna watan Afrilu a Kano, inda rana ke kai 40. Ke nan na'urar sanyaya ruwa, da famfo, da firiza, duk sai sun yi aiki dare da rana. Da wace wutar?

Ba labarin kanzon kurege nake ba ku ba. Shekara biyu da suka wuce na yi tafiyar kwana uku, taransifomar unguwarmu ta lalace, batirin inbata ya ƙare a daren farko. Na dawo na tarar da kifina bakwai suna yawo a saman ruwa, ciki sama. Kifin ruwan daɗi ne fa, masu juriya. 'Yata ce ta fara gani, har yau ba ta daina tambayata ba.

Abokina ya ce kuɗinsa ne. Haka ne. Amma rai ba naka ba ne. Tsuntsun keji ko ka manta da shi zai yi kuka ka ji. Kifi ba ya kuka, shiru zai yi har ya mutu. Duk mun san hadisin matar da ta kulle kyanwa, ban ga abin da ya cire kifi daga wannan gargaɗin ba.

Wanda yake da sola mai ƙarfi, da ilimin ruwan gishiri, da mai kula in ya yi tafiya, bismillah, ya sayi na tanki mai takarda. Sauranmu kuwa mu kalle su a waya, mu nuna wa yara ikon Allah, yadda namijin ne ke ɗaukar ciki ya haihu. Wannan kallon kyauta ne, kuma ba ya kashe kowa.

Alhaji, na san kana karantawa. Fara da kifin ruwan daɗi ka riƙe shi shekara ɗaya, sai mu sake zama.

Allah ya ba mu ikon sauke amana.