Kada a Narke Fatakar Kaka

Fataka ita ce kuɗin sule biyu na zamanin Turawa. Daga 1913 zuwa 1920 da azurfa aka buga ta: gefe ɗaya kan Sarkin Ingila Joji na Biyar, ɗayan bishiyar kwakwar manja. Burin mai tarawa ya haɗa shekarun takwas cif, kowace da fatakarta, rubutu bai goge ba.

Ku na Tozai, Isa da Sabon Birni, ku tambayi kakanninku, wataƙila tana ƙasan adaka. In sun ba ku, kada ku dirje ta da toka, darajarta za ta faɗi. Kada kuma ta je hannun maƙerin fari. In ta zama zobe, tarihi ya narke.

Wace shekara kuka samu? Ku rubuto mana.