Kuɗin Abin Hawa Na Cinye Ribar Ɗan Kasuwa A Kano

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini, domin in yi tsokaci a kan wahalar da talaka ke sha wajen zirga-zirga a cikin birnin Kano, musamman ƙananan 'yan kasuwa da 'yan'uwanmu na karkara masu shigowa sari.

Kowa ya san kasuwannin Kano ba a wuri ɗaya suke ba. Hatsi yana Dawanau a hanyar Katsina, kayan gwari suna 'Yankaba a hanyar Haɗeja, 'Yan Lemo tana Na'ibawa a hanyar Zariya, atamfa da shadda suna Kantin Kwari, kayan masarufi kuma suna Singa. To, mutumin da mota ta sauke a Unguwa Uku da ɗan jarinsa, yana son ya sari sukari da sabulu, ya leƙa ya yanko yadi, ya koma tasha kafin la'asar, sai ya hau abin hawa sau uku ko huɗu. A nan ribar take zubewa tun kafin a kasa kayan.

A da akwai motocin hayis masu bin hanya sananniya, kwandasta yana kiran "Bata! Bata!", kowa ya san kuɗin, babu ciniki. Ga tasi, ga acaɓa. Acaɓa an hana shi ɗaukar fasinja a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, Allah Ya jiƙansa. Hayis da tasi kuwa suka yi ta raguwa. Sai ga shi kusan garin gaba ɗaya ya rataya a wuyan Adaidaita Sahu, wanda aka shigo da shi zamanin Malam Ibrahim Shekarau, asali ma don ɗaukar mata. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka. Mun gani da idonmu a watan Janairun 2022, lokacin da 'yan adaidaita suka tafi yajin aiki: tsoho da yaro, mai ciki da mai goyo, kowa sai takawa a ƙasa.

Babbar matsalar ita ce kuɗin hawa ba shi da tsayayyen farashi. Ɗan gari ya san abin da zai miƙa. Baƙo kuwa, da an ji harshensa ko an ga buhu a gefensa, sai a ce masa sai dai shata. Wanda bai san Ƙofar Mata daga Ƙofar Nasarawa ba, da wane baki zai yi ciniki?

Ba ina ɗora laifin duka a kan 'yan adaidaita ba ne. Su ma neman halal suke yi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, fetur ya yi tashin gwauron zabo, kayan gyara ma haka. Ga balas da da yawansu ke kai wa mai mashin kullum, ga haraji, ga iyali a gida. Amma duk wannan nauyi a ƙarshe kan fasinja yake sauka.

A Legas, tun shekarar 2008 aka fara manyan motocin bas na BRT masu hanyarsu daban, kuɗin kowane zango sananne ne. Me zai hana Kano, cibiyar kasuwancin Arewa? Na san a ƙarshen 2022 an sanar da hana adaidaita bin wasu manyan tituna domin bas-bas na Kanawa su maye gurbinsu, amma ba a je ko'ina ba aka janye dokar. Darasin shi ne, a fara wadata jama'a da motoci tukuna, sannan a yi maganar hani.

Don haka ina kira ga gwamnatin jiha da ta sa manyan motocin bas a hanyoyin Zariya, Katsina, Haɗeja, Gwarzo da Maiduguri, su riƙa bi ta bakin kasuwanni tun bayan asuba, kuma a bar wurin ajiye kaya, don ɗan kasuwa ba ya tafiya hannu rabbana. Haka nan hukuma da ƙungiyoyin direbobi su zauna su tsayar da farashi, a rubuta a allo da boko da ajami a kowace tasha, in mai ya tashi ko ya sauka a gyara.

Ku kuma 'yan'uwana na karkara, ku tambayi kuɗin wuri wajen masu shago kafin ku tare abin hawa, ku gama ciniki kafin ku shiga, ku riƙe canji a hannu. In ku biyu ne ko uku daga gari ɗaya, ku haɗa kuɗi ku yi shata guda, ya fi sauƙi.

Allah Ya sa masu abin su ji, su kuma gyara, amin.

Naka,
Wani ɗan tireda,
Kano.